Armide: Gimbiyar Dimashƙu da Ta Ƙwace Wasan Sarkin Faransa

Ranar 15 ga Fabrairu, 1686, a zauren wasanni na Palais-Royal da ke tsakiyar birnin Faris, wata mata ta fito kan dandamali da wuƙa a hannu. A gabanta wani jarumi na kwance a bakin rafi, barci ya yi awon gaba da shi. Duk duniya babu wanda ta ƙi jini kamarsa. Shi ne ya kwance fursunonin yaƙin da ta kama, shi kaɗai ne kuma cikin mazajen rundunarsu ya dube ta bai ji komai ba. Yau ga shi a tafin hannunta. Ta ɗaga wuƙar, hannun ya ƙi sauka. Ta zuga kanta, ta sake matsowa, ta dubi fuskarsa, murya ta fara rawa. Tana magana ne, amma maganar a waƙe take fita, goge da molo na bin ta a hankali daga ƙasa.

Wani marubucin zamanin, Le Cerf de la Viéville, ya bar mana labarin yadda zauren kan kasance idan aka zo wannan wuri. Ya ce sau da yawa ya ga jama'a sun ƙame, tsoro ya kama su, ba mai motsi, ba mai ko jan numfashi, har sai da masu goge suka ɗauki kiɗan da ke rufe fitowar, sannan kowa ya sauke ajiyar zuciya. Matar da ke riƙe da wuƙar sunanta Marie Le Rochois. Waɗanda suka san ta sun ce gajeriya ce, ba irin wadda za a waiwaya a kalla a kan titi ba, amma da zarar ta hau dandamali idanunta kaɗai sun isa su mantar da kai duk kyawawan da ke tsaye a gefenta.

Sunan wasan Armide. Jean-Baptiste Lully ya tsara kiɗansa, Philippe Quinault ya rubuta baitocinsa, kuma shi ne wasan tausayi na ƙarshe da suka yi tare. A wannan dare yarima mai jiran gado yana cikin 'yan kallo. Mutumin da aka shirya wasan dominsa, wanda da kansa ya zaɓi labarin, wato Sarki Luwi na 14, bai zo ba. Bai zo washegari ba, bai kuma zo daga baya ba.

Ɗan mai niƙa da ɗan mai burodi

Lully ba Bafaranshe ba ne ta haihuwa. An haife shi a Florence ta ƙasar Italiya a 1632, ɗan wani mai niƙan alkama, sunansa na yanka Giovanni Battista Lulli. Yana ɗan shekara 13 wani basarake ya taho da shi Faransa a 1646, don ya riƙa yi wa wata gimbiya, 'yar baffan sarki, hira da Italiyanci. A gidanta ya goge a goge da rawa. A 1653 ya taka rawa a wasa guda da saurayin sarki, wasan nan da Luwi ya fito cikin shigar rana. Daga nan ƙofa ta buɗe. Kafin 1661 ta ƙare ya zama shugaban makaɗan fada, ya karɓi takardar zama ɗan ƙasa, ya gyara rubutun sunansa ya koma na Faransawa.

Mutum ne mai baiwa, mai kuma haɗama, ba a raba ɗayan da ɗayan a tarihinsa. Ya yi shekaru yana aiki da Molière, babban marubucin wasan barkwanci, sannan ya juya masa baya. A 1672 ya sayi takardar izinin shirya ofera daga hannun Pierre Perrin, wanda bashi ya kai shi kurkuku, sarki kuma ya sa masa hannu. Da wannan takarda ya yi uwa ya yi makarɓiya: ba wanda ya isa ya shirya wasan da ake rerawa daga farko har ƙarshe a Faransa sai da yardarsa. Sauran gidajen wasa aka ƙayyade musu mawaƙa biyu da makaɗa shida. Da Molière ya rasu a 1673, Lully ya gaji zaurensa na Palais-Royal, 'yan wasan mamacin suka kwashe kayansu suka nemi wani wuri.

Quinault kuwa ɗan mai gashin burodi ne a Faris, mutum mai sanyin hali, wanda ya jure wa Lully abin da kaɗan ne za su jure. Sai ya kawo baitoci, Lully ya soke rabi, ya ce a sake. Daga Cadmus et Hermione a 1673 zuwa Armide, wasannin tausayi goma sha ɗaya suka fitar tare, cikinsu har da Alceste da Atys da Persée da Roland. Su biyun nan, 'ya'yan talakawa, su suka ƙera wa masarautar da ta fi kowace ƙarfi a Turai muryar da take so duniya ta ji ta da ita.

Ga wanda bai taɓa cin karo da ofera ba, wasan kwaikwayo ne da ba a magana a cikinsa, komai rerawa ake yi, da ayarin makaɗa a gaban dandamali. Italiyawa suka ƙirƙiro shi wajen shekarar 1600. Faransawa sun daɗe suna cewa harshensu bai dace da shi ba, suna kuma ƙyamar yadda mawaƙan Italiya ke jan gaɓa ɗaya su yi ta lanƙwasa ta har a manta da kalmar. Abin da Lully ya yi shi ne ya sa kiɗa ya bi magana. An ce yakan je gidan wasa ya saurari yadda fitacciyar 'yar wasan marubuci Racine, La Champmeslé, ke furta baiti, inda take ɗaga murya da inda take saukewa, ya dawo ya ɗora karin waƙarsa a kai. Shi ya sa a takardunsa ma'aunin kiɗa ke canzawa a kai a kai, don ya bi tsawon gaɓoɓin kalmomi. Bahaushe ba zai sha wuyar gane wannan ba. Mu ma mun san cewa idan mawaƙi ya karya karin kalma don ta shiga kiɗa, ma'ana ce ya karya.

Tsarin wasan bai cika canzawa ba. Ana buɗewa da kiɗa mai taƙama, sannan gabatarwa wadda yabon sarki ce zalla, irin yadda makaɗin fada ba ya shiga waƙa sai ya yi wa ubangidansa kirari. Sai kashi biyar na labari, kowane kashi da lokacin da ake dakatawa a yi rawa da amshi. Akwai injunan igiya da katako da ke sauko da gumaka daga gajimare, su tsaga ƙasa aljanu su fito. Kyandirori ne ke haska zauren, kuma masu tsayuwa a tsakar fili sukan kama amshi tare da mawaƙa idan waƙar ta kama bakinsu.

Kujerar da ba a zauna ba

A watan Mayu na 1685 Quinault ya kai wa sarki labarai uku, sarki ya zaɓi na Armide. A al'ada, sabon wasan Lully a fada ake fara nuna shi, sannan ya sauko birni. Wannan karon ba a yi haka ba, kuma ruwa ba ya tsami banza. A farkon shekarar 1685 wani abin kunya ya fashe tsakanin Lully da wani saurayi mai hidima a gidansa, labari ya kai kunnen sarki. Fadar ma ta canza. Sarauniya ta rasu a 1683, sarki ya auri Madame de Maintenon a ɓoye, mace mai riƙo da addini wadda ba ta ganin alheri a wasannin da ke koya wa matasa cewa so ya fi komai. Ga kuma ciwo da ya kama sarkin a 1686, wanda sai da aka yi masa aiki a watan Nuwamba.

Shekarar 1685 ba shekarar wasa ba ce ga mutane da yawa da ke ƙarƙashin wannan sarki. A watan Maris aka fitar da dokar da ta tsara bautar da baƙaƙen fata a tsibiran Faransa. A watan Oktoba sarkin ya soke dokar Nantes wadda ta ba Kiristoci 'yan Furotesta 'yancin ibada, aka rushe majami'unsu, dubban ɗaruruwa suka tsere daga ƙasar. Gabatarwar Armide ta taɓo wannan: mata biyu, Ɗaukaka da Hikima, suna rige-rigen yabon gwarzon da ya murƙushe wani dodo, kuma masu sauraro sun san wane dodo ake nufi. Da aka buga littafin kiɗan, Lully ya rubuta wa sarki sadaukarwa mai ban tausayi, yana cewa duk yabon da mutanen Faris ke yi ba ya gamsar da shi tunda ubangidansa bai ji aikin ba.

Abin da sarki ya zaɓa a bayyane yake. Labari ne na jarumin da mace ta shagaltar, daga bisani ya farka, ya zaɓi aiki da suna a kan sha'awa. Darasi ne da ya dace da sarkin da ya bar 'yan matansa ya kama ibada. Abin da ya sa nake ganin wasan ya cancanci a zauna a yi magana a kansa bayan shekara 300 da ɗoriya shi ne, an ba Lully da Quinault aikin yabon jarumi, su kuwa suka ba wa matar da aka bari duk wata waƙa mai rai da ke cikinsa. Har sunan wasan nata ne. Mutanen Faris suka riƙa kiransa oferar mata.

Daga Tasso zuwa bakin rafi

Tushen labarin doguwar waƙar Torquato Tasso ce, mawaƙin Italiya, Gerusalemme liberata, wadda aka buga a 1581. Tana ba da labarin yaƙin Salibiyya na farko, wanda ya ƙare da faɗuwar Birnin Ƙudus a hannun mayaƙan Turai a watan Yulin 1099. Godefroy na Bouillon, jagoran da ake ambata a wasan, mutum ne na gaskiya. Armide da baffanta Hidraot sarkin Dimashƙu ƙirƙira ce. A tarihi, wani basaraken Saljuƙawa mai suna Duƙaƙ ne ke riƙe da birnin a lokacin.

Labule na buɗewa a dandalin Dimashƙu ana bikin nasara. Armide, da kyawunta da sihirinta, ta kwaso manyan mayaƙan abokan gaba ba tare da an zare takobi ba. Kowa na murna sai ita. Ƙawayenta biyu na tambayarta abin da ke damunta, ta ce akwai guda da ya gagara, Renaud, har ta yi mafarki ya soke ta a zuciya, ita kuma a cikin mafarkin tana jin ya burge ta. Baffanta ya tsufa, yana roƙonta ta yi aure. Ta ce sai dai wanda ya kayar da Renaud. Ana cikin rawa sai ga mai tsaron fursunoni ya shigo jina-jina: mutum ɗaya tak ya tare su a hanya ya saki kowa. Ba ta buƙaci a faɗa mata sunansa ba.

A kashi na biyu Renaud na yawo shi kaɗai, an kore shi daga sansani saboda ya kashe wani basarake a faɗa. Armide da baffanta suka tura aljanu suka mai da dajin dausayi. Nan Lully ya umarci masu goge su sa wa kayansu abin danne sauti, dabarar da ba a saba gani a rubuce ba a wancan zamani, sai kiɗan ya koma kamar ruwa na gudu a ƙarƙashin ciyawa. Jarumin ya yaba wurin, ya ajiye makamansa, ya kwanta. Wanda ya fara rera Renaud, Dumesny, kuku ne kafin Lully ya ji muryarsa ya ɗauko shi. Wannan waƙar barci ita ce mafi kyau da aka ba shi a duk wasan, kuma yana gama ta ya rufe ido. Sauran fitowar ta mai wuƙa ce.

Kusan shekara 70 bayan haka, wannan fitowa ta zama filin daga. A 1752 wasu 'yan wasan barkwanci daga Italiya suka zo Faris, birnin ya rabu biyu tsakanin masu son kiɗan Italiya da masu kare na gida. Jean-Jacques Rousseau ya fitar da wata wasiƙa a 1753, ya ɗauki maganar Armide a kan mai barci, ya bi ta layi layi yana suka. Hujjarsa ita ce, ga mace zuciyarta na juyawa daga kisa zuwa so, amma kiɗan na zaune a wuri guda kamar ba abin da ya faru. Ya rufe da cewa Faransawa ba su da kiɗa, ba kuma za su taɓa samu ba. Gidan ofera ya janye masa damar shiga kyauta da yake da ita. Jean-Philippe Rameau, babban mai tsara kiɗa na lokacin, wanda tun 1726 ya kafa misali da wannan wuri a littafinsa, ya mayar masa da martani a 1754, yana nuna cewa juyin na nan, a cikin sautukan da ke ƙarƙashin murya yake, sai mai kunne.

Ni dai ina ganin kowannensu takarda yake karantawa. Wanda ya saurari wurin daga bakin mawaƙiyar da ta san aikinta zai ji cewa ƙarfinsa a cikin giɓin da aka bari yake. Kalma ɗaya ta zuga kai, sai shiru. Tambaya, sai shiru. Lully ya san Le Rochois, shi ya horar da ita, ya kuma san abin da za ta yi da daƙiƙa biyu na shiru da wuƙa a sama. Bai cika wurin da kiɗa ba don ya bar mata fili. Da Armide ta tabbata ba za ta iya ba, sai ta yanke shawarar da za ta zama ajalin farin cikinta: tunda idanunta ba su kama shi ba, asiri zai kama shi. Ta kira aljanunta su zama iska, su ɗauke su su biyu zuwa ƙarshen duniya, inda ba wanda zai ga kunyarta.

Kashi na uku ba ya cikin Tasso, Quinault ne ya ƙago shi, kuma a nan ne nake ganin zuciyar wasan take. Asiri ya ci. Renaud na sonta kamar ya mutu. Ita kuwa tana zaune a hamada tana cin zuciyarta, domin ta san abin da ke bakinsa ba daga ransa ya fito ba. Duk wanda ya taɓa jin labarin maganin mallaka ya san wannan ciwo ta gefen wanda aka yi wa. Da wuya ka ji an ba da shi ta gefen wadda ta yi, wadda ta samu abin da ta nema ta tarar ba shi ne take so ba. Nata son na gaskiya ne, nasa na haya, kuma ita kaɗai ta san bambancin.

Sai ta kira Ƙiyayya daga ƙarƙashin ƙasa ta zo ta cece ta. Namiji ne ke rera wannan matsayi cikin shigar mace, da ayarin mabiya suna rawa suna kakkarya kibau da bakan so. Aiki ya yi nisa, Ƙiyayya ta miƙa hannu za ta tumɓuke son daga ƙirjinta, Armide ta yi kururuwa ta ce a dakata. Ta gwammace ciwon. Ƙiyayya ta yi fushi, ta gaya mata cewa mutumin zai tafi ya bar ta, kuma ranar da ta sake kira ba za a amsa ba. Babu takobi a wannan kashi, babu wanda ya mutu, amma a nan aka yi yaƙin.

Kashi na huɗu tun zamanin Lully ake ƙorafi a kansa. Mayaƙa biyu sun taho neman Renaud da sandar zinariya da garkuwar lu'ulu'u, aljanu na fito musu cikin siffar 'yan matansu, ɗaya na ceton ɗaya. Yana ba da dariya kaɗan, yana ba mai rera Armide damar hutawa, shi ke nan.

Matsafiya daga Gabas

Mai karatu Musulmi ba zai wuce wani abu ba tare da ya tsaya ba, ni ma ban wuce ba. Matar nan daga ɓangaren Musulmi take a yaƙin, amma an zana ta matsafiya mai kiran aljanun wuta, baffanta ma haka. Wannan tsohon zane ne a adabin Turai: Gabas wurin sihiri ne da mata masu ɓatar da maza, Yamma wurin aiki da hankali. Ba gaskiya ba ne, kuma daɗin kiɗa ba ya mai da shi gaskiya. Lully kansa yana da tarihi a nan. A 1670, bayan ziyarar wani jakadan Daular Usmaniyya da ta ɓata wa fada rai, shi da Molière suka shirya Le Bourgeois gentilhomme, inda Lully ya fito da ƙaton rawani a matsayin mufti yana surutai marasa ma'ana don a yi dariya. Siyasa kuma tafiyarta daban. Faransa na da tsohuwar alaƙa da Usmaniyawa tun ƙarni na 16, kuma da Usmaniyawan suka yi wa Biyana ƙawanya a 1683 Luwi bai tura ko soja ɗaya don ceton birnin ba.

Amma a duba abin da Quinault ya cire. A waƙar Tasso, a ƙarshe Armida, wato Armide, ta sake haɗuwa da jarumin a fagen fama, ta sunkuyar da kai ta miƙa masa wuya. A oferar Handel mai suna Rinaldo, wadda aka nuna a Landan a 1711, har addinin jarumin ta karɓa. Quinault bai yarda ya kai ta nan ba. A wasansa ba a yi mata wa'azi, ba ta tuba ga kowa, ba ta zama ganimar kowa ba. Mutumin da ya yi wa rawani dariya shekara 16 baya, shi ne yanzu ya sa Faris ta riƙe numfashi saboda 'yar Dimashƙu. Ban ce ya yi haka don adalci ba. Ɗan wasa ne, ya bi inda zafin labari yake. Sai dai wanda ya shiga zauren da niyyar taya mayaƙan Salibiyya murna, da wuya ya fita yana tuna abin da jaruminsu ya ce.

Sanda, da abin da ya biyo baya

Bayan Armide, Quinault ya ajiye alƙalami. Tsoron lahira ya kama shi, ya daina rubuta wa dandamali komai, ya rasu a 1688. Lully bai kai nan ba. Ranar 8 ga Janairu, 1687, yana jagorantar waƙar godiya a wata majami'a a Faris saboda sarki ya warke, yana buga doguwar sanda a ƙasa don riƙe wa makaɗa ma'auni, sai ya daki yatsan ƙafarsa. Ciwon ya ruɓe, likitoci suka ce a yanke, ya ƙi. Ya rasu ranar 22 ga Maris yana da shekara 54, a hidimar sarkin da bai je ya ji wasansa ba.

Wasan ya fi su tsawon rai. An kai shi Rum a 1690, an kuma riƙa maimaita shi a Faris har cikin shekarun 1760. A 1777 wani mai tsara kiɗa, Gluck, ya ɗauki baitocin Quinault kusan yadda suke, ya jefar da yabon sarki, ya ɗora musu sabon kiɗa, nasa ya rufe na Lully. Daga nan aka yi kusan shekara 200 ana karanta sunan Lully a littattafai ba a cika jin sa ba. Sai a ƙarshen ƙarni na 20 wasu makaɗa suka koma ga kayan kiɗa irin na da, goge mai tsirkiyar hanji da sarewar katako, suka koyi yadda ake furta tsohon Faransanci. Philippe Herreweghe ya naɗi Armide a 1983, ya sake a 1992. William Christie da ayarinsa Les Arts Florissants, waɗanda suka farfaɗo da Atys a 1987, sun nuna shi a Faris a 2008, Stéphanie d'Oustrac na rera Armide cikin jar riga. Yau mai waya da intanet na iya jin abin da Luwi na 14 bai ji ba.

In za a fara da wuri guda, a fara da kashi na biyar. A fadar da sihiri ya gina, Armide da Renaud na rera waƙar so tare, karo ɗaya tak a duk wasan. Hankalinta bai kwanta ba, ta ce za ta je ta yi duba, ta bar shi da masu rawa su ɗebe masa kewa. Nan ne Lully ya sa doguwar rawar da Faransawa ke kira passacaille. Sautuka huɗu ne a ƙasa suke gangarowa, su koma sama, su sake gangarowa, fiye da minti goma, a kansu goge da sarewa da muryoyi na ta sauya ado. Kalmomin na cewa a more ƙuruciya, amma gangarowar nan irin wadda mawaƙan Turai ke amfani da ita wajen makoki ce. Kunne na jin daɗi, zuciya na jin ana bankwana.

Mayaƙan biyu suka iso suka tarar da shi shi kaɗai. Suka ɗaga masa garkuwar lu'ulu'u, ya ga kansa da furanni a wuya, kunya ta kama shi, asiri ya karye. Armide ta dawo ta same shi yana shirin tafiya. Matar da ta buɗe wasa da sarakuna a ƙarƙashin ƙafarta ta roƙe shi ya tafi da ita ko a matsayin baiwa, ta ce za ta tare masa sara a fagen fama. Ya amsa da ladabi, ya ce bayan ɗaukaka ita ce zai fi so. Ta faɗi a sume. Ya dube ta, ya ce abin tausayi, abokansa suka ja shi suka fita.

A yawancin wasannin Lully, a nan ne jama'a za su cika dandamali da rawa da amshin nasara. A Armide ba kowa. Ta farfaɗo ita kaɗai, ta fara da tsine masa, ta tarar har yanzu zuciyarta na bin sa. Ta ga kamar ga shi a hannunta tana yayyaga shi, ta dawo hayyacinta ta ga iska ta kama. Sai ta juya ga fadar da ta gina dominsa, ta umarci aljanu su rushe ta. Masu jan igiya a bayan fage suka saki ginshiƙan da Jean Bérain ya zana, gini ya zube, makaɗa na ta gudu da goge. Ita kuwa ta hau keken da ke tashi sama, ta bi ta kan ɓaraguzan ta fice.